Riƙon Takobi A Garin Da Babu Malaminsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau, ko ta Kano, ko ta Katsina ranar hawan salla, ya ga takubba har idonsa ya gaji. Ga barade sun zare su suna jinjina, rana na dukan ƙarfe yana walƙiya, ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke, ga makaɗa suna zuga kowa da kirarin gidansu. Amma da za a tsai da mahayan nan ɗaya bayan ɗaya, a ce kowa ya sauko ya nuna yadda a ke kai sara, da yadda a ke kare shi, da inda ƙafa ke zuwa sa'ad da hannu ya tafi, lalle da an ga yawan masu iyawa bai taka kara ya karya ba. Takobin yana nan, kubensa da hamilarsa suna nan, sai dai ilmin riƙonsa yana bin tsofaffi kushewa, yau wannan gobe wancan.

Ni ba barde ba ne, ba kuma ɗan sarauta ba. Abin da ya sa na tsoma bakina cikin wannan magana shi ne, tun ina saurayi a birnin Zariya Allah ya haɗa ni da wani dattijo wanda kakansa ya yi yaƙi bisa doki kafin zuwan Turawa. Shi kuwa ya karɓi abin daga hannun mahaifinsa, kamar yadda ɗan maƙeri ke karɓar masaba. Shekara 6 na yi ina zuwa zaurensa bayan sallar la'asar, mu uku ne ɗalibansa, kowa da sandarsa. Daga nan neman abinci ya kawo ni Jos, ban daɗe da zuwa ba kuma aka aiko mini cewa Baba ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar nan tambaya guda ke bina: yaya mutum zai riƙe abin da aka danƙa masa, a garin da babu mai duba hannunsa ya ce masa gyara nan?

Bari in fara da dalilin da ya sa Jos ba ta da irin waɗannan malamai, domin kada wani ya zaci raina garin na ke yi. Jos gari ne da kuza ta haifa. Kamfanonin Turawa ne suka buɗe ramukan haƙar ma'adinin a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, garin kuma ya kankama a wajen 1915. Hausawan da suka hauro dutsen nan a lokacin leburori ne, da fatake, da mahauta, da maɗinka, da malamai, da 'yan koli. Kowa ya zo da abin da ke tafiya tare da sana'arsa. Mahauta sun zo da dambe, samarin ƙauye sun zo da kokawa, malamai sun zo da allo da tawada. Barade kuwa ba su da abin yi a ramin kuza, suka yi zamansu a ƙofar iyayen gidansu, domin riƙon takobi sana'ar fada ce, ba ta rayuwa sai inda akwai barga da doki da hawa. Su kuma mutanen dutsen, Birom da Anaguta da Afizere da sauransu, suna da tasu jaruntakar ta gado, ta mashi da baka da ƙananan dawakan da suka san hawan duwatsu, wadda da ita suka tsare ƙasarsu shekara da shekaru. Wannan wani ilmi ne dabam mai nasa ma'abota.

Shi kansa takobin namu yana da dogon tarihi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Katsinawa suna da Gajere, takobin da a ke dangantawa da Korau, a Daura kuma akwai wanda a ke dangantawa da Bayajidda. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga garin Solingen na ƙasar Jamus ta hanyar Sahara, maƙeran gida su sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube. Takobi ne miƙaƙƙe mai kaifi biyu, marar nauyi, wanda aka ƙera domin sara fiye da suka, abokin tafiyarsa kuwa garkuwar fata ce. To, a 1903 aka ci Kano a watan Fabrairu, aka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a watan Yuli. Bindiga mai ruwan harsashi ta rufe babin takobi a fagen fama, daga nan ya koma kayan ado. An ga ƙawarsa a babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wanda aka yi lokacin bikin FESTAC a 1977. Masana kuma sun yi rubutu a kansa: Bivar ya wallafa littafi a kan makaman Arewa a 1964, Smaldone ya wallafa nasa a kan yaƙi a Daular Usmaniyya a 1977. Sun siffanta makamai da tsarin runduna ƙwarai da gaske. Amma yadda wuyan hannu ke juyawa, da yadda ƙugu ke tura sara, wannan a jikin mutane ya ke, daga uba zuwa ɗa.

Kafin in zo ga yadda na ke yin atisayena, akwai maganar da ta fi ta nauyi, wadda duk mazaunin Jos ya san ta ko ba a faɗa ba. Garin nan ya ga tashin hankali a watan Satumba na 2001, ya sake gani a Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010. An rasa rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, unguwanni sun rabu, maƙwabta na shekara talatin sun daina shiga gidan juna. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A irin wannan gari, mutum ya fito tsakar gida da asuba yana wulwula ƙarfe tsirara, ko da zuciyarsa fara ce fat, ya tsorata maƙwabcinsa, ya kuma jawo wa kansa da unguwarsa zargi. Daɗin daɗawa, ga yaran nan 'yan daba da a ke kira sara-suka, waɗanda suka addabi Bauchi da wasu unguwannin Jos. Dubi sunan nan da kyau, ɗan'uwa mai karatu. Sara da suka su ne darasi na farko da na biyu a zauren Baba, ga shi yau sun zama sunan ta'asa.

Saboda haka tun ranar da na sauka na yanke wa kaina hukunci biyu. Na ɗaya, takobin ƙarfe da Baba ya ba ni yana can gidanmu a Zariya cikin akwati, in na je in shafe shi da mai saboda tsatsa in mai da shi. A nan Jos gora na ke riƙewa, wadda wani kafinta ya yanka mini daidai tsawon takobin, ya naɗe mata ƙota da fata. Na biyu, ba na yin abin a ɓoye. Na je na sami mai unguwarmu na gaishe shi, na ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da na gada daga wani tsoho, ga kuma sandar da na ke yi da ita, na ce gara ka ji daga bakina.” Ya juya gorar a hannunsa, ya yi dariya, ya ce, “Malam, in dai wannan ce, Allah ya ba da sa'a.” Haka kuma na gaya wa maƙwabcina na jikin katanga, wani ma'aikacin asibiti Kirista, don kada matarsa ta leƙo ta ga abin da ba ta gane ba. Abin da aka yi da rana tsaka ba ya zama abin tsegumi da dare.

Kada wani ya ce komawa ga sanda ƙasƙanci ne. Mutanen Japan, waɗanda duniya ta san su da takobi, gwamnatinsu ta hana rataya shi a 1876, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka hana koyar da wasan na wasu shekaru. Da takobin gora suka riƙe abinsu, har suka kafa ƙungiyar wasan Kendo ta ƙasa a 1952, yau ga shi ana koyar da shi a makarantunsu. Mutanen Masar ta Kudu suna da wasan sanda da su ke kira Tahtib, wanda asalinsa horon yaƙi ne tun zamanin Fir'auna, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mu ma nan gida, duk wanda ya kalli rawar Takai ya ga yadda sanduna ke haɗuwa bisa ƙa'ida, kowa ya san lokacin kaiwa da lokacin tarewa. Shi kansa Baba da sanda ya koya mana, ƙarfe sai ranar da ya ga dama ya ɗora wa ɗalibi a hannu don ya ji nauyinsa.

To, ga yadda na ke yi. Bayan sallar asuba, kwana 4 a mako, na kan ɗauki minti 30. Jos tana bisa tudu mai tsawon kamar mita 1,200, sanyinta kuwa a watan Disamba da Janairu ba ya bukatar shaida, saboda haka ba na taɓa gora sai na ɗumama kafaɗa da wuyan hannu da gwiwa, domin jijiya mai sanyi saurin tsinkewa gare ta. Sa'an nan in fara da taku, hannu wofi: gaba, baya, gocewa dama, gocewa hagu, a kan layukan da na zana da gawayi a daɓen tsakar gida. Baba ya kan ce ƙafa ce ke yaƙi, hannu ɗan aike ne, kuma wata 3 na farko bai bar mu mun ɗaga sanda ba. Bayan taku sai sara iri huɗu da ya koya mana, na dama da na hagu da na bisa da na ƙasa mai neman ƙwauri, kowanne sau 50, a hankali tukuna kamar mai tsoron tashin jariri, sa'an nan da sauri. Hannun hagu kuwa yana riƙe da faifai a madadin garkuwa, domin wanda ya saba sara hannun hagunsa na lilo, ya saba buɗe haƙarƙarinsa ke nan. Daga ƙarshe in koma ga tsohuwar tayar mota da na rataye a reshen mangwaro, don hannu ya tuna cewa sara yana da inda ya ke tsayawa.

Wannan duka yana riƙe jiki, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: mai yi shi kaɗai ajiya ya ke yi, ba ya ƙaruwa. Akwai abu biyu da iska da taya ba su koyarwa, watau tazara da lokaci. Sanin daidai inda tsinin sandar abokin karawa zai ƙare, da sanin ƙiftawar idon da kafaɗarsa ke tona asirin abin da hannunsa zai yi, waɗannan sai da mutum mai rai a gabanka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka na nemi abokin yi, Allah kuwa ya ba ni biyu: wani tsohon ɗan dambe da ke sana'ar fawa, da ɗan maƙwabcin nan nawa da ya yi wasan karate a makaranta. Ba ɗayansu da ya san takobi, amma ɗan dambe ya san tazara fiye da yadda ya san sunansa, yaron kuma ya san ladabin tsayawa in an ce tsaya. Ranar Asabar mu kan haɗu, mu sa hular kwano ta masu babur da safar hannu mai kauri, mu yi a hankali, sharaɗinmu kuwa shi ne duk wanda ransa ya ɓaci ya ajiye sanda ya sha ruwa. Rashin uwa a kan yi uwar ɗaki.

Sauran abin da malami ke yi shi ne gani. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani, hannun da ba a dubawa kuwa yana karkacewa kaɗan kaɗan har mai shi ya ɗauka daidai ke nan. A nan zamani ya yi mana rana. Sau ɗaya a wata na kan jingina wayar hannu a bakin taga ta ɗauki hotona mai motsi, in zauna in kwatanta da na watannin baya, in duba ko gwiwar hannu ta fara buɗewa, ko diddige ya fara tashi. Amma ita wayar nan kaifi biyu gare ta kamar takobin. Cikinta akwai dubban masu koyar da takobi na kowace ƙasa, wasu gwanaye ne na gaske, wasu kuwa 'yan wasan kwaikwayo. Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya da na Sin mun san irin faɗan nan da takobi ke neman takobi don a ji ƙara, alhali kuwa mai sara na gaskiya jikin mutum ya ke nema, mai karewa kuma gocewa ya fi so da haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ko gwanayen ma, takobinsu dabam, garkuwarsu dabam, ƙasar da su ke takawa dabam. Ina kallonsu don in ƙaru da sanin duniya, amma ba na ɗebo nasu in zuba cikin na Baba. Wanda aka ba ajiyar zuma ba ya ƙara mata ruwa don ta cika tulu. Abin da aka ba ni kaɗan ne, ina so in miƙa shi yadda na karɓe shi, domin wanda zai zo bayana ya san wannan na Zazzau ne tsantsa.

Sa'an nan akwai tafiya. Tsakanin Jos da Zariya ya fi kilomita 200, amma kowace babbar salla na kan yi ƙoƙari in je. In an sauko daga hawa, dawakai sun koma barga, na kan bi zaurukan da na sani da ɗan goro a hannu, in gaida dattawan da suka rage, in roƙi ɗayansu ya dube ni ko na minti 10 ne. Wani ya kan ce ya manta, sai an sa masa sanda a hannu ka ga kafaɗarsa ta tuna abin da bakinsa ya ce ya manta. Kallon minti 10 na irin waɗannan mutane ya kan ishe ni aikin shekara guda. Ɗaya daga cikin abokan karatuna biyu yana nan da rai, shi ma mu kan gwada hannu, abin da ya zube mini in tsinta wurinsa, abin da ya zube masa ya tsinta wurina. Sai dai kowace shekara zaurukan da na ke shiga suna raguwa, wannan kuwa shi ne abin da ke hana ni barci.

Turawa sun riga mu shiga wannan rami, ya kamata mu yi karatun ta-natsu da abin da ya same su. Malaman takobinsu na zamanin da sun ƙare ƙaf, sai littattafai suka bari. Akwai wani da aka rubuta a ƙasar Jamus a wajen shekarar 1300, yana ajiye yanzu a gidan adana makamai na birnin Leeds a Ingila, mai hotunan wani limamin kirista yana koya wa ɗalibinsa takobi da 'yar ƙaramar garkuwa. Akwai kuma na wani gwani ɗan Italiya mai suna Fiore dei Liberi, na wajen 1410. Yau samarinsu sun kafa ƙungiyoyi suna ƙoƙarin tayar da wasan daga waɗannan takardu, suna ta gardama a kan abin da hoto kaza ke nufi, domin babu mai rai da zai raba musu. Su suna da littafi babu malami. Mu kuwa muna da sauran malamai, ba mu rubuta ba. In muka yi sake har na ƙarshensu ya tafi, za mu fi Turawa hasara, don ko abin gardamar ba za mu samu ba.

A nan ne na ga Jos, wadda ba ta da malamin takobi ko ɗaya da na taɓa haɗuwa da shi, tana da abin da za ta bayar. A garin nan Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi a 1952. A gefensa akwai filin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, don kada fasahar maginanmu ta ɓace. A garin nan hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta ke, da makarantar koyon aikin fim, ga kuma jami'a tun 1975. Garin da ya iya ɗauko ganuwar Kano ya dasa ta bisa dutse, ba zai kasa aika ɗalibai huɗu da na'urar ɗaukar hoto su zauna da tsofaffin barade na Zazzau da Kano da Katsina da Bauchi ba. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, abin alfahari ne ƙwarai. Amma hawa ado ne da aka ɗora bisa wani ilmi, ya kamata a adana ilmin tare da adon. Ni dai a nawa ɗan ƙarfin na sayi littafin rubutu, ina zana taku da sara ɗaya bayan ɗaya da sunayen da Baba ya kira su, na kuma rubuta wasiyya a bangonsa cewa a kai shi gidan tarihi in ta Allah ta kasance.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan wahala a zamanin da ba a yaƙi da takobi, a garin da ya gaji da ganin makami? Amsata ita ce, abin da na fi tunawa daga zauren nan shi ne sharuɗɗan da a ke gindaya wa yaro kafin a ba shi sanda: ba ka zare wa wanda ba shi da komi a hannu, ba ka bin wanda ya juya baya, ba ka ɗauka kana cikin fushi, in kuwa aka ji ka yi faɗa a waje, kada ka sake taka ƙofar. Yaron da ya yi shekara guda yana koyon tsai da hannunsa taƙi ɗaya kafin kan abokinsa, ya koyi abin da 'yan sara-suka ba su taɓa samun mai koya musu ba. Ƙarfin samartaka kamar ruwan sama ne a kan dutsen nan namu, in an yi masa magudana ya shayar da lambu, in an ƙyale shi ya tafi da gada.

Ina kira ga iyayenmu sarakuna da su sa a nemo dattawan da suka rage a gidajen barade, a girmama su, a ba su yara su koya musu da sanda a fili, kowa na gani. Ina kuma kira ga duk wanda ke riƙe da wani guntun ilmi irin wannan a garin da babu malaminsa, ko na takobi ne, ko na baka, ko na saƙa, ko na ɗaurin doki, kada ya raina shi don ƙanƙantarsa. Ya riƙa taɓa shi kullum ko na rabin sa'a ne, ya sanar da maƙwabtansa, ya nemi abokin yi, ya riƙa komawa tushe, ya kuma rubuta. Allah ya jiƙan waɗanda suka koya mana, ya zaunar da garinmu Jos da ƙasarmu lafiya, amin.